Tarihin Wuƙaƙen Himalaya da Yadda Ake Gane Ƙasar da Ta Ƙera Su

Tsaunukan Himalaya sun miƙe wajen kilomita 2,400, sun raba tudun Tibet da filayen Indiya. A gindinsu da kwarurrukansu ne Nefal da Butan da Sikkim da Ladakh suke zaune. Mai kallon taswira zai ɗauka waɗannan duwatsu katanga ce, amma fatake sun daɗe suna ratsa mashigansu da gishiri da ulu da shayi da azurfa, sojoji da malamai da maƙera kuma suna bin sawunsu. Shi ya sa tsohuwar wuƙar wannan yanki take wahalar da masu bincike. A gidajen adana kayan tarihi na Landan da Faris da Niyok, sau da yawa takardar da ke gefen wuƙa ba ta yanke hukunci, sai ta ce daga Tibet ko Nefal, ko kuma daga Tibet ko Sin. Wanda yake son ya san dalili, ya kuma iya raba ta Butan da ta Kham a gabashin Tibet, dole ya bi tarihin hannayen da suka ƙera ta da hanyoyin da ta bi.

Iri uku ne manya. Akwai furba, turken ibada mai kaifi uku, wanda ba a yanka da shi. Akwai miƙaƙƙiyar wuƙar ɗamara ta Tibet da Butan, ƙanwar takobi. Akwai kukuri ta Nefal, mai lanƙwasa zuwa gaba. Kowacce da zamanin da ta bayyana, da mutanen da suka riƙe ta.

Abin da ake faɗa game da farko

Mutanen Tibet suna ba da labari cewa sarakunansu na farko daga sama suka sauko ta wata igiya, kuma idan wa'adinsu ya cika ta igiyar suke komawa, ba su barin gawa. An ce sarki na takwas, Drigum Tsenpo, ya tsokani wani bawansa da faɗa, yana juya takobi bisa kansa sai ya datse igiyar, ya zama sarki na farko da aka binne. Littattafan Tibet na baya sukan jingina farkon ƙirar takobi ga zamaninsa. Wannan almara ce, babu wata shaida daga ƙasa da ta tabbatar da ita. Amfaninta shi ne ta nuna cewa tun da daɗewa mutanen nan suna ɗaukar ƙarfe mai kaifi a matsayin abin da ya shafi sarauta da ƙaddara.

Haka nan ana faɗin cewa furba mafi ƙarfi ita ce wadda aka ƙera da ƙarfen da ya faɗo daga sama. Wannan magana ta ratsa kasuwa har yau, kusan kowane dillali yana jingina ta ga hajarsa. Gaskiyarta ana iya gwada ta, domin ƙarfen da ya faɗo daga sararin samaniya yana ɗauke da sinadarin nikel mai yawa, wanda na'ura take nunawa ba tare da an taɓa lafiyar wuƙar ba.

Game da asalin furba kanta, masana sun kasu. Wasu suna ganin ta fito ne daga turken da makiyayan tudu suke kafa tanti ko ɗaure dabba da shi. Wasu suna komar da ita Indiya, inda tsoffin littattafan ibada suka ambaci turke mai suna kila, wanda ake kafawa a tsare iyakar wuri kafin a yi gini ko hadaya. Hujjar rubutu ta fi ƙarfi a ɓangaren Indiya, amma ba abin mamaki ba ne idan al'adun biyu sun haɗu a hannun mutanen da turke yake cikin rayuwarsu ta kullum.

Daular Tibet, daga ƙarni na 7 zuwa 842

Tarihi mai rubutu ya fara ne da Songtsen Gampo, wanda ya haɗa kan tudun Tibet a farkon ƙarni na 7. A 641 ya auri gimbiya Wencheng daga gidan sarautar Tang na Sin, kuma ruwayar Tibet ta ce ya auri wata gimbiyar daga Nefal mai suna Bhrikuti. Ko da labarin gimbiya ta biyu bai samu tabbaci irin na ta farko ba, ya faɗi abin da ya tabbata daga baya: Tibet ta zauna tsakanin masu sana'a biyu, na Sin daga gabas da na kwarin Katmandu daga kudu, tana karɓa daga kowanne.

Marubutan Tang sun yabi sulken mayaƙan Tibet, sun ce yana rufe mutum duka sai idanu. A 763 rundunar Tibet ta shiga Chang'an, babban birnin Sin na lokacin. Daular da ta iya haka tana da maƙera masu yawa kuma gwanaye. A zamanin sarki Trisong Detsen ne aka gina Samye, gidan sufayen addinin Buda na farko a ƙasar, wajen shekarar 779. Ruwaya ta ce aljannun ƙasa sun yi ta rushe ginin da dare, sai da aka gayyato malami Padmasambhava ya turke su da furba. An kuma ce tun kafin ya iso, ya yi halwa a kogon Yanglesho da ke Pharping, kudu da Katmandu, inda ya samu nasara da wannan turke.

A nan ruwaya ta samu ɗan madogara. A 1900 aka buɗe wani rufaffen kogo a Dunhuang, a arewa maso yammacin Sin, cike da tsoffin takardu. Mai bincike Aurel Stein ya kwashi wasu zuwa Landan a 1907, takwaransa Paul Pelliot ya kwashi wasu zuwa Faris a 1908. Cikin na Faris akwai wani ɗan littafi na wajen ƙarni na 10 da ya ba da labarin Padmasambhava da furba a Nefal. Takardar ba ta tabbatar da aljannu ba, ta dai tabbatar da cewa ibadar furba da labarinta sun haura shekara dubu, kuma tun farko sun haɗa Indiya da Nefal da Tibet.

Littattafan ibada sun bar wa mai bincike wani darasi. Sun tanadi cewa abin da za a yi furba da shi ya danganta da aikin da za ta yi: farin itace ko azurfa don kwantar da fitina, zinariya don ƙaruwa, jan ƙarfe don mallaka, baƙin ƙarfe ko itace mai ƙaya don fatattaka. Saboda haka ƙarfen furba yakan faɗi aikinta kafin ya faɗi garinta. A 842 aka kashe sarki Langdarma, daular ta wargaje, ƙira ta koma hannun ƙananan sarakuna da gidajen ibada, kowane yanki ya fara bin salonsa.

Zamanin Newar da Mongol da Ming, 1260 zuwa 1434

Mutanen kwarin Katmandu, waɗanda ake kira Newar, su ne gwanayen zubi na Himalaya. Sukan sassaƙa siffa da kakin zuma, su lulluɓe ta da yumɓu, su narkar da kakin ya fita, su zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Sun fi son jan ƙarfe kusan tsantsa, sannan su shafe shi da zinariyar da aka kwaɓa da zaiba, su gasa har zaibar ta tashi ta bar zinariya manne. Idan shekaru suka cinye shafen, sai jan ƙarfen ya leƙo a kan hanci da kumatu da duk inda hannu yake yawan taɓawa. Masu zubi na Kashmir da yammacin Tibet kuwa sun fi amfani da tagulla mai launin rawaya. Wannan bambanci yana daga cikin alamomin da ake fara dubawa.

Sai dai hannun Newar bai zauna a Nefal kaɗai ba. Wajen 1260 wani saurayi mai suna Arniko, wanda aka haifa a 1245, ya jagoranci ayarin masu sana'a zuwa Tibet bisa gayyatar malami Phagpa na Sakya. Daga can ya wuce fadar Kublai Khan, sarkin Mongol, ya zama shugaban masu sana'ar fada, ya gina farar hasumiyar da har yau take tsaye a Beijin, ya rasu a 1306. Daga wannan lokaci salon Nefal ya shiga fadar Sin. Furba mai kamannin aikin Newar tana iya zama an zuba ta a Patan na kwarin Katmandu, ko a Sakya, ko a Beijin. Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane.

Sarakunan Ming na Sin sun ci gaba da wannan hulɗa. Sarki Yongle, wanda ya yi mulki daga 1402 zuwa 1424, ya karɓi malamin Tibet Karmapa na biyar a Nanjing a 1407, ya kuma riƙa aika wa manyan malaman Tibet kyautar gumaka da kayan ibada daga maƙerar fada. A gidan adana makamai na sarautar Ingila da ke Leeds akwai wani takobi na farkon ƙarni na 15, ƙotarsa da kubensa sun sha adon ƙarfe mai zinariya irin na Tibet, amma masana suna jingina shi ga maƙerar fadar Ming. Abu ne na Sin a ƙira, na Tibet a ado. A 1419 wani malamin da ya ziyarci fadar Yongle, Jamchen Choje, ya kafa gidan ibadar Sera kusa da Lasa. A can ake ajiye wata furba da jama'a suke tururuwa a ɗora musu a ka sau ɗaya a shekara, gab da sabuwar shekarar Tibet. An ce daga Indiya ta taso ta sama ta faɗo a wani tudu kusa da wurin.

Su kansu mutanen Tibet sun riga Turawa damuwa da tambayar asali. Wani littafin tarihi da aka rubuta a 1434 ya keɓe babi ga takubba, ya kasa su gida biyar, kowane gida da labarin maƙerinsa na farko da ƙasarsa da alamomin ruwansa. Labaran maƙeran sun cakuɗe da almara, kuma da wuya a ɗauki wani takobi a yau a ce ga gidan da ya faɗa. Duk da haka littafin ya nuna cewa sanin ƙarfe ilimi ne da manyan ƙasar suke alfahari da shi, kamar sanin doki da shayi.

Ƙarfen Tibet da maƙeran Derge, ƙarni na 15 zuwa na 18

A ƙarni na 15 aka yi Thangtong Gyalpo, malamin da ya shahara da gina gadoji na sarƙar ƙarfe a Tibet da Butan. Ruwaya ta ba shi gadoji masu yawan gaske da shekaru fiye da ɗari, amma wasu sarƙoƙinsa sun wanzu har zamaninmu, shaida ce ta cewa ana narka tama a yankin kuma ana sarrafa ta da kyau.

Babbar alamar ruwan wuƙar Tibet tana cikin ƙarfen kansa. Maƙeri yakan jera sanduna na ƙarfe mai tauri da mai taushi, ya lanƙwasa su gida biyu ɗaya cikin ɗaya, ya haɗa su a wuta ya buge. Idan aka goge ruwan aka karkata shi ga haske, sai a ga layuka fari da duhu suna tafiya tare daga ƙota, su je kusa da tsini su yi kwana su dawo. Ruwan miƙaƙƙe ne, kaifinsa ɗaya, bakinsa a jirge. Kuben yakan zama itace da aka rufe da fata ko ƙyalle, a kewaye gefensa da firam na ƙarfe, a dasa murjani ko shuɗin dutsen ado a tsakiya. Ana soke ta a ɗamara ta gaba, a kwance, yadda hannu zai same ta ko mutum yana kan doki.

Wurin da ya fi suna a wannan aiki shi ne Derge, masarauta a ƙasar Kham ta gabashin Tibet. Sarkinta Tenpa Tsering ne ya kafa shahararren gidan ɗab'in nan a 1729, kuma arzikin da ya ɗauki nauyin littattafai shi ya ɗauki nauyin maƙera. A kwarin Horpo, cikin ƙasar Pelyul, maƙera suka gwanance wajen huda baƙin ƙarfe kamar ana saƙa, su fitar da macizan almara suna nutso cikin reshe da ganye, su shafe da zinariya da azurfa. Mutanen wurin suna cewa kakanninsu ne suka ƙera wa jarumi Gesar makamai, wannan kuwa zancen waƙar baka ne. Sunan Derge ya yi ƙarfi har ya zama duk kyakkyawan aikin huda ana jingina shi gare ta, alhali akwai maƙera a Chamdo da Lhatse da wasu garuruwa. A arewa maso gabas kuma, Musulmin Bonan na lardin Gansu sun daɗe suna ƙera wa makiyayan Amdo wuƙaƙe masu ƙotar ƙaho da tagulla hawa hawa. Wuƙar da makiyayin Tibet ya rataya duk rayuwarsa tana iya zama aikin maƙeri Musulmi.

A 1642 Dalai Lama na biyar ya karɓi mulkin Tibet da taimakon Gushri Khan na Mongol, a 1645 aka fara ginin fadar Potala. A daidai wannan zamani sarki Pratap Malla na Katmandu ya samu yarjejeniyar da ta ba fataken Newar damar buɗe gidajen ciniki a Lasa, ta kuma ba Nefal aikin buga wa Tibet kuɗin azurfa. Maƙeran Newar suka zauna a Lasa da Shigatse zuriya bayan zuriya. A Ladakh ma, mutanen ƙauyen Chilling suna cewa su jikokin masu sana'ar Nefal ne da wani sarki ya kawo a ƙarni na 17 don su yi babban gunkin Shey. Daga gabas kuma, sarki Qianlong na daular Qing ta Sin, wanda ya hau a 1735, ya sa maƙeran fadarsa suka yi ta fitar da kayan ibada irin na Tibet. Nasu yakan fi santsi da daidaito, wani lokaci da ado na enamel ko dutsen jad. Ƙaramar wuƙar cin nama mai tafiya da tsinken cin abinci a kube ɗaya ita ma ta yaɗu daga Sin da Mongoliya har cikin Tibet.

Butan, 1616 zuwa 1907

Maƙeran Butan suna ɗaukar Pema Lingpa, wanda ya rayu daga 1450 zuwa 1521 a Bumthang, a matsayin ubangidansu. Ruwaya ta ce kakansa maƙeri ne ya raine shi. A gidan ibadar Tamshing da ya kafa a 1501 akwai wani sulke da ake cewa shi ya ƙera, masu ziyara suna saɓa shi su kewaya ɗakin.

Ƙasar ta zama dunƙulalliya ne bayan 1616, lokacin da Zhabdrung Ngawang Namgyal ya baro Tibet saboda rikicin gado. Ya gina ganuwoyi irin su Simtokha a 1629 da Punakha a 1637, ya kuma kori hare-haren Tibet sau da dama. Ƙasar da aka haifa cikin yaƙi da maƙwabciya tana bukatar makamanta da kamanninta. A ƙarshen ƙarni na 17, zamanin Tenzin Rabgye, aka tsara sana'o'in gargajiya goma sha uku, ƙira da aikin azurfa suna ciki.

Takobin Butan, patang, ɗan'uwan na Tibet ne a ruwa, amma shigarsa daban. Ana goge ruwan har ya yi ƙyalli kamar madubi. Ƙotar takan sha naɗin zaren azurfa da aka tufka, kanta kuma da hular ƙarfe mai huda. Kuben yakan kasu kashi uku, kuma rataye shi ake yi daga ɗamara, ba a soke shi a kwance ba. Gajeriyar wuƙarsu, dozum, tana sirancewa zuwa tsini, ta manya kuma kubenta azurfa ce mai huda da shafen zinariya. Ƙauyen Woochu na Paro yana cikin wuraren da suka riƙe sana'ar. A Sikkim da ke maƙwabtaka, wuƙar mutanen Lepcha tana da kube na itace buɗaɗɗe ta gefe ɗaya, ana ganin ruwan a kwance, an tare shi da 'yan maɗaurai.

A yaƙin 1864 zuwa 1865 Birtaniya ta ƙwace filayen kudancin Butan, ko da yake jagoran mayaƙan Butan Jigme Namgyel ya fatattaki sojojinta a Dewangiri. Ta wannan yaƙi makaman Butan da dama suka isa Ingila, kuma waɗanda aka rubuta ranar samunsu sun zama ma'auni ga sauran. Ɗan Jigme Namgyel, Ugyen Wangchuck, ya zama sarki na farko a 1907. Har yau sarkin Butan yana ba da patang tare da jan mayafi ga wanda ya ɗaukaka.

Gorkha da kukuri, 1559 zuwa 1856

Ana yawan faɗin cewa kukuri jikanyar takobin sojojin Iskandari ce da suka iso Indiya. Hasashe ne da aka gina kan kamanni, tsakanin zamanin biyu kuwa akwai ƙarnuka masu yawa da babu abin da ya cike su. A gidan tarihi na ƙasa da ke Chhauni a Katmandu akwai kukuri da ake jingina wa Dravya Shah, wanda ya kafa sarautar Gorkha a 1559. Abin da ba a jayayya a kai shi ne kukuri ta fito fili tare da Prithvi Narayan Shah, wanda ya hau a 1743 ya ci Katmandu a 1768.

Sabuwar daular Nefal ta yi ta faɗaɗa. Rikicin gurɓatattun kuɗin azurfa ya kai ta yaƙi da Tibet a 1788, a 1791 kuma sojojinta suka wawashe gidan ibadar Tashilhunpo, sai da rundunar Qing ta kore su a 1792. Kayan Tibet da yawa sun gangaro Nefal a wannan ganima. Daga 1814 zuwa 1816 ta gwabza da kamfanin Ingila mai mulkin Indiya, ta rasa yankuna masu faɗi a yarjejeniyar Sugauli. Turawa suka ga jarumtar mutanen, suka fara ɗaukar su soja tun 1815. Sakamakon haka kukuri ta bi sojan Gurkha zuwa barikokin Indiya, aka riƙa ƙera ta a Dehradun da wasu garuruwa. Kukuri mai lambar runduna ko hatimin ma'ajiyar makamai sau da yawa ƙirar Indiya ce. Nefal ta sake yaƙi da Tibet a 1855 zuwa 1856, zamanin Jung Bahadur Rana.

Masu ƙera kukuri a Nefal su ne Kami, waɗanda dokar 1854 ta jefa a ƙasan tsarin jinsi, har a wancan zamani ba a shan ruwa daga hannunsu. Wannan zalunci ne ya sa sunayen gwanayen da suka ƙera makamin da ƙasar take alfahari da shi ba su shiga littafi ba, sai sunan gari ya maye gurbin sunan mutum. Ta Bhojpur tana da faɗin ciki da nauyi. Siririyar nan sirupate an fi saninta da mutanen Rai da Limbu na gabas. Ta Chainpur takan zo da rufaffiyar huda a gindin ruwa, inda sauran suke da buɗaɗɗiyar tsaga. Dhankuta ta yi suna da kuben itace ko ƙaho mai sassaƙa. Wadda kubenta ya sha azurfa, kothimora, ta kyauta ce da girmamawa. A bayan kube akwai 'yan ƙananan ƙarafa biyu, ɗaya na yanka, ɗaya na wasa kaifi da ƙyasta wuta. Zancen cewa ba a mayar da kukuri kube sai ta sha jini tatsuniya ce, domin da ita manomi yake faskare da yankan ciyawa. A tsaunukan Nefal ɗin nan kuma bokayen Tamang da maƙwabtansu suna riƙe furba ta itace, wadda hayaƙi da mai suka baƙanta, sassaƙarta ta sha bamban da zubin gidajen ibada.

Watsewa, 1904 zuwa 1976

A ƙarshen 1903 Francis Younghusband ya shiga Tibet da rundunar Birtaniya. A ranar 31 ga Maris 1904, kusa da Guru, bindigogi masu sarrafa kansu suka kashe 'yan Tibet sama da 600, mafi yawansu riƙe da takubba da bindigogin gargajiya. Rundunar ta ci Gyantse, ta shiga Lasa a watan Agusta. Hafsoshi suka koma da akwatunan littattafai da gumaka da makamai. Kaɗan aka rubuta inda aka ɗauke su, sauran suka shige gidajen iyalai da kasuwar gwanjo da sunan Tibet kawai.

Sojojin Sin sun shiga Tibet a 1950, Dalai Lama na 14 ya tsere zuwa Indiya a 1959, dubban mutane suka bi shi, da yawa suka sayar da abin da suka ɗauko don su ci abinci. Daga 1966 zuwa 1976 juyin al'adu na Sin ya rushe gidajen ibada masu ɗimbin yawa, tare da ɗakunan da ake rataye tsoffin makamai a matsayin sadaka ga gumakan tsaro. A ɗaya gefen, Nefal ta buɗe ƙofarta bayan 1951, baƙi suka cika Katmandu, masu zubi na Patan suka koma yi wa kasuwa aiki. Wasu suna sayar da sabo a matsayin sabo, wasu dillalai kuma suna tsufar da shi da hayaƙi da sinadari. Kukuri ta yau galibi da sifirin tsohuwar mota ake ƙera ta. Nefal ta kafa dokar kare kayan tarihi a 1956, hukumar UNESCO ta fitar da yarjejeniyarta a 1970, amma kaya sun ci gaba da fita. A 2003 ma an sayar wa 'yan kasuwar waje tsohon rumbun makaman sojan Nefal na Lagan Silekhana, kukuri masu yawa suka shiga kasuwar duniya.

Yadda ake karanta wuƙa a yau

Nazarin zamani ya samu ginshiƙi a 2006, lokacin da gidan tarihi na Metropolitan a Niyok ya baje kolin makaman Tibet ƙarƙashin Donald LaRocca, aka jera kayan da aka san tarihinsu kusa da waɗanda ba a sani ba. Abin da wannan tarihi duka ya koyar shi ne a karanta wuƙa gaɓa gaɓa. Mai karatu ya san takobin ƙasarmu: ruwa daga Jamus, ƙota daga maƙerin Agadas, kube daga dukawan Kano, kuma duka gaskiya ne. Haka ta Himalaya take. Ruwan Tibet yana iya zama cikin kuben Butan da aka yi bayan shekara ɗari.

Ana fara da ruwa, a duba layukan ƙarfe da siffar tsini da yadda wasawa ta cinye shi. Sai ƙota da kube, a duba ko tare aka haife su ko daga baya aka aurar da su, domin ramin da bai dace ba da ƙusar da ta fi sauran sabunta ba su ɓoyuwa. Sai ado, a tambayi salon wane ne, a tuna cewa mai salon yana iya zama baƙo a garin da ya yi aikin. Sai tsufa: na gaskiya yana zama inda tafin hannu da ɗamara suke gogawa, na jabu kuwa yana shimfiɗe ko'ina daidai wa daida. Na'ura tana faɗin sinadaran ƙarfe, gwajin kabon yana kimanta shekarun itace, amma babu ɗayansu da yake faɗin sunan gari.

Hujjar da ta fi kowacce ƙarfi ita ce takarda: wa ya samu wuƙar, a ina, a wace shekara, ta wace hanya. Ita ce kuma wadda yaƙi da sata da kwaɗayin kasuwa suka fi lalatawa. Saboda haka masanin da ya ce gabashin Tibet, ƙarni na 18 ko na 19, ya tsaya nan, ya fi wanda ya ambaci gari da shekara ba tare da madogara ba. Wajibin duk wanda irin wannan wuƙa ta shigo hannunsa, gidan tarihi ne ko mutum ɗaya, shi ne ya adana duk wata takardar da ta zo da ita, ya bar tsatsa da shafenta yadda suke har masani ya gani, ya kuma binciki yadda ta bar ƙasarta. Idan ta tabbata ta sata ce daga gidan ibada, masu ita suna nan da ransu a Nefal da Butan da Tibet, kuma hakkinsu ne a mayar musu.